Littattafan Akwatin Ƙungiya da Abin da Mutanen Gari Suka Ce a Kansu



Ranka shi daɗe Maigari, Allah shi gafarta Liman da sauran malamai, iyayenmu dattawa maza da mata, shugaban ƙungiya da ƴan kwamiti, da ku ƴan'uwanmu na bida da kuka zo gida da waɗanda wannan takarda za ta iske a Yamai, Abijan, Legas, Kwatanu ko Arlit, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Ƴan kwamiti sun umurce ni in ba da bayani bisa akwatin littattafan nan da aka saya da kuɗin da kuka aiko, wanda aka ajiye a lakwal a hannuna. Dalilin umurnin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wasu daga cikin dattawa sun roƙi a fitar da littafi guda daga akwatin, kuma wani uba ya faɗa gaban mutane cewa zai cire ɗansa daga lakwal saboda abin da ya ji a cikin wani littafin. Ga shi kuma ku da kuka ba da kuɗin ba ku nan lokacin da aka yi karatun, labari kawai ke isa gare ku, kowa da irin gishirin da ya sa masa. Saboda haka zan faɗi abin da ke cikin littattafan, in faɗi abin da mutane suka ce, sa'an nan in faɗi nawa ganin, kwamiti ya yanke abin da ya ga ya dace.

Yadda muka yi shi ne, tun da aka gama girbi, daren Alhamis bayan lisha, maza su taru a filin lakwal, in karanta. In littafin na Hausa ne sai in karanta shi yadda yake, in na Faransanci ne sai in riƙa juyawa da Hausa ina tafiya. Mata kuma abokiyar aikina ke karanta masu da la'asar a gidan Maigari.

Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya tun 1937 zuwa 1939, babu wanda ya yi gardama a kansa. An yi dariya, an ce a maimaita, shi ke nan. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, shi ma ya wuce lafiya, sai dai waɗanda suka taɓa bin hanyar Agadas zuwa Libiya sun yi tsit a wurin da uwar yaron ta bi sahara tana neman ɗanta. Littafin Kamara Lay, mutumin Kurusa ta ƙasar Gine, mai suna L'Enfant noir, watau Baƙin Yaro, na 1953, maƙeranmu ne suka fi jin daɗinsa, don uban yaron maƙeri ne mai aikin zinari, kuma ba su taɓa jin an sa maƙeri cikin littafi da girmamawa ba. Liman bai so zancen ɗan baƙin macijin nan da ke zuwa maƙera ba, ya ce wannan al'adar jahiliyya ce, muka ce gaskiya ne, muka wuce. An gaya mani mata sun yi hawaye a wurin da uwar ta ƙi yarda a kai ɗanta Faransa. Abin mamaki, lokacin da littafin ya fito, wani marubuci ɗan Kamaru, Mongo Beti, ya zarge shi da cewa ya nuna Afirka kamar babu mulkin mallaka a cikinta, babu aikin tilas, babu haraji. Wani tsoho namu da bai taɓa jin sunan Mongo Beti ba ya faɗi kusan haka. Ya ce, "To, Mushe, su can Nasara bai dame su ba ne?"

Littattafai biyu ne suka tada ƙura, kuma dukansu daga Sinigal suka fito.

Na farko shi ne L'Aventure ambiguë na Shaihu Hamidu Kan, Bafulatani, haifaffen Matam a 1928. An buga shi a 1961. Sunan, in za a ce da Hausa, kamar a ce tafiyar da ba a san inda ta dosa ba. Labarin wani yaro ne, Samba Jallo, ɗan gidan sarauta, almajirin wani malami mai tsanani da ake kira Cerno. Malamin na son yaron kamar ransa, yana ganin shi ne zai gaje shi, amma in ya yi kuskuren harafi guda sai ya murɗe masa kunne har jini ya fito. Yaron na bara gida gida kamar kowane almajiri. Ana nan sai Nasara suka buɗe lakwal a ƙasar, mutane suka zo wurin sarki suna tambaya, mu sa ɗiyanmu ko kar mu sa? Sarki ya rasa amsa. Malam ya ce shi ma ba zai yanke ba. Sai yayar sarki, mace mai kwarjini wadda kowa ke shakka, ta tara gari, har da mata, ta ce a sa su, kuma a fara da ɗiyan manya. Ba ta ɓoye masu cewa akwai hasara ba. Hujjarta ita ce an riga an ci su da yaƙi, dole a je a gano sirrin wanda ya ci su, kuma ta kwatanta yaran da irin da manomi ke binnewa, wanda ya fi kyau cikin rumbunsa. Aka sa Samba. Ya yi fice, har ya kai Pari yana karatun falsafa. Can zuciyarsa ta rabu biyu, salla ta fara yi masa nauyi. Ubansa ya rubuta masa ya dawo gida. Ya dawo ya iske malaminsa ya rasu. Wani mahaukaci da ke hidimar malamin, wanda shi ma ya taɓa zuwa ƙasar Turai ya dawo da taɓin hankali, ya kai shi kabarin malam ya matsa masa ya yi salla. Samba bai yi ba, mahaukacin ya kashe shi.

Daren da muka ƙare wannan littafi ba a watse da wuri ba. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Kun ji ko? Ba mu muka faɗa ba. Ɗan lakwal ne da kansa ya rubuta da hannunsa, da harshen Nasara, cewa lakwal na raba yaro da Allah." Da yawa suka ce haka ne. Alarammanmu kuwa ransa ya kasu biyu. Bai ji daɗin zancen murɗe kunne ba, ya ce an sa shi ne don a ɓata makarantar allo. Amma da aka zo wurin da Samba ya tsaya da dare ya karanta Alƙur'ani da ka gaban iyayensa, sai ya ce a sake karanta masa wurin, aka sake, ya ce wanda ya rubuta wannan lalle ya zauna gaban malami, ba ji ya yi ba.

Ƴan bida da ke gida a lokacin, su wani wuri daban suka kama. Ba Samba ya dame su ba, mahaukacin ne. Wani da ya yi shekaru a Abijan ya ce shi ya san abin da ya taɓa mutumin nan. Ya ce ranar da ya fara sauka babban birni, ya ga mutane na wucewa babu mai sallama, babu mai duban wani, sai ƙarar mota da ta takalmi bisa kwalta, ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi kuka. Ya ce, "Mu ba mu shiga lakwal ba ko na yini guda, amma mu nawa ne muka bar salla a can? Kar a ɗora wa Mushe abin da tasha ta yi." Wannan magana ta jawo surutu, amma ban ji wanda ya ƙaryata shi ba.

To, ga nawa ganin, kuma ina faɗa da ladabi gaban iyayena.

Dattijon nan yana da gaskiya a rabi. Marubucin bai yi wa lakwal kirari ba, kuma duk wanda ya ce lakwal ba ta canza yaro, ƙarya yake yi. Ni da ke koyarwa na sani. Yaro ya shigo yana ɗan shekara 6 ko 7, a zaunar da shi bisa benci, a yi masa magana da harshen da uwarsa ba ta ji, a nuna masa cewa abin da ke cikin littafi shi ne ilmi, abin da kakansa ya sani game da ƙasa da iri da ruwan sama kuwa ba a ko ambatonsa. Yaya ba zai canza ba? Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, a cikin labarin babu wanda ya kawo wata hanya. Sarki bai kawo ba, malam bai kawo ba. Matar nan kaɗai ta yi ƙarfin halin yanke magana, kuma marubucin bai nuna ta a matsayin muguwa ba. Na biyu, shi kansa Shaihu Hamidu Kan ta wannan hanya ya bi, allo sa'an nan lakwal sa'an nan Pari, kuma ba a kashe shi a bakin kabari ba. Ya dawo gida ya yi wa ƙasarsa aiki, ya riƙe minista, ya yi aiki da UNICEF mai kula da yara. Mutum kan rubuta abin da yake tsoro, ba sai abin da ya same shi ba.

Kuma ina roƙon uban nan da ya ce zai cire ɗansa, wanda na san yana zaune nan, ya dubi wannan. Ciwon Samba Jallo ciwon wanda ya ƙoshi da ilmi biyu ne, ya haddace Alƙur'ani, ya kuma kai ƙarshen na Nasara, har suka yi karo a cikinsa. Mu a garin nan ba wannan ne ciwonmu ba. Namu shi ne yaro ya yi shekara 6 a lakwal ya fita bai iya karanta wasiƙar ubansa ba, ya je allo da asuba da dare bai kai izu 5 ba, sai ya kai shekara 15 ya hau mota ya tafi bida hannu wofi ta kowane gefe. Wanga shi ne abin da nake gani kowace shekara. Tsoron kar yaro ya zama Samba, alhali bai iya haɗa baƙi ba, kamar mai jin tsoron ambaliya ne a shekarar fari.

Wannan tambaya ta harshe da ta addini ba yau aka fara ta a ƙasarmu ba, kuma ba a rasa masu neman amsa ba. Tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci a garin Say. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin kimiyya da ya yi aiki bisa ƙarfin rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi a 1964 mai suna L'Éducation en Afrique. A ciki ya nuna cewa kakanninmu na da tarbiyya mai tsari kafin zuwan Nasara, wadda ke haɗa koyo da aiki, ya kuma ce lakwal ba za ta zama tamu ba sai an koyar da yara da harsunanmu. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A 2025 kuma hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Takarda dai an rubuta. Amma littattafan da za a sa a hannun yaro, da malaman da aka horar su koyar da Hausa, wannan aiki ne mai tsawo. Mu da aka horar da mu da Faransanci, sai da muka koyi rubuta harshen uwarmu daga baya, da ƙugiyoyinsa duka. Littafin Abdu Mumuni na cikin akwati, amma yana da nauyi, ba na karatun dare ba ne. Wasu wurare kaɗan na tsamo masu.

Yanzu ga littafin da aka ce a fitar.

Sunansa Une si longue lettre, watau doguwar wasiƙa. Mariyama Ba ta rubuta shi, malamar lakwal ce, haifaffiyar Dakar a 1929. Ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980, ita kuwa ta rasu a 1981. Wata mata ce, Ramatulai, malamar lakwal mai ɗiya 12, tana cikin takaba, take rubuta wa ƙawarta A'isatu abin da ya same ta. Bayan shekara 25 da aure, mijinta Modu Fal ya auri Binetu, ƙawar ɗiyarsa ta fari, ƴar kilas ɗinsu guda. Bai gaya mata ba. Bayan an ɗaura aure ne liman da wan mijin da wani abokinsa suka zo suka sanar da ita. Ta haƙura ta zauna, tana jiran a raba kwana yadda shari'a ta ce. Bai sake taka gidan ba. Shekara 5 tana riƙe da gida ita kaɗai har ya mutu, ya bar bashi. Ita kuwa A'isatu, da mijinta likita ya ƙara aure saboda matsin uwarsa, sai ta kwashe ɗiyanta 4 ta fita, ta ƙara karatu, ta samu aiki a ofishin jakadancin ƙasarta a Amurka. Ranar sadakar arba'in wan mamacin ya zo ya ce zai auri Ramatulai, ta wanke shi tas gaban mutane, tana tuna masa matansa da bai iya ciyarwa ba.

A wurin maza ba mu kai ƙarshensa ba. Tun wurin da ta amsa wa wan mijin aka fara tashi. Abin da aka ce, in na tara shi, shi ne: littafin na zagin auren mata biyu wanda Allah ya halatta, yana koya wa mata tsaurin ido, kuma wannan rayuwar matan birnin Dakar ce masu albashi da mota, ba ta shafe mu ba. Wasiƙa ma ta zo daga ƴan'uwanmu na Abijan suna cewa ba don a zuga masu mata suka aiko da kuɗi ba.

Na kai wa Liman maganar, na ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe ba tare da na rage kome ba, kuma ya ba ni izini in faɗi amsarsa. Ya ce ƙara aure halal ne, babu mai taɓa wannan. Amma mutumin da ya bar matarsa shekara 5 babu ci, babu tufa, babu kwana, bai sake ta ba bai riƙe ta ba, wannan ba sunna ya bi ba, zalunci ya yi, kuma Suratun Nisa'i ta yi magana a kansa, Risala ma da ake karantawa a zaurensa ta yi bayanin adalci tsakanin mata da wajibcin ciyarwa. Ya ce bazawara kuma ba a aurar da ita sai da yardarta, ba kayan gado ba ce. Inda ya soki littafin shi ne wurin A'isatu. Ya ce bai ga dalilin da za ta bar gidanta ba tun da ba a hana ta haƙƙinta ba, kuma yana ganin marubuciyar ta fi karkata gare ta. Wannan sukar tasa ce, na kawo ta yadda ya faɗe ta.

Mata kuwa sun kai ƙarshe, har suka ce a sake. Abin da abokiyar aikina ta kawo mani daga wurinsu ya bambanta da abin da maza ke tsoro. Babu wadda ta ce za ta bi sawun A'isatu. Wata ta ce, "Amurka ina, mu ina?" Da yawansu ma da kishiya suke zaune, wasu lafiya lau. Abin da suka riƙe shi ne, Ramatulai ta iya riƙe ɗiya 12 ne don tana da aiki a hannunta, ta iya karanta takardar bashi da ta gado, babu mai cutarta da alƙalami. Suka ce mace a garin nan, in maigida ya tafi bida ya yi shiru shekara biyu ko uku, mi take da shi? Daka da surfe a gidan wasu, ko ta koma gidan ubanta. Ƴan'uwana na bida, ku yi mani haƙuri. Mafi yawanku kuna aikowa, da guminku aka rufe ajin nan biyu da kwano, kowa ya sani. Amma kun fi ni sanin cewa akwai waɗanda suka yi aure a can suka manta da na nan. Ba littafi ne ya gaya wa matan garin nan haka ba. Sun sani tun kafin a sayi akwati.

Maganar da ta fi tsaya mani a rai wata tsohuwa ce ta yi ta. Ta ce kowa na kukan uwargida, babu mai kukan amarya. Ta ce yarinyar nan Binetu tana karatunta, saura kaɗan ta yi jarrabawar ƙarshe, uwarta ta ga gida da kujerar Makka da aka yi mata alkawari, ta cire ta ta ba sa'an ubanta. Shekara 5 ta zama bazawara, babu karatu, babu miji, gidan ma aka karɓe. Ta ce, "Wannan ita ce tamu. Ramatulai ta Dakar ce, amma Binetu a kowane gida na garin nan akwai ta." Ni na karanta littafin nan tun ina makarantar horon malamai, an yi mana tambayoyi a kansa, amma ban taɓa jin malaminmu na Faransanci ya fito da wannan wuri kamar yadda tsohuwar nan ta fito da shi ba. Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cikin ƴan mata 100, 76 an yi masu aure kafin shekara 18. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Ni ba na buƙatar bincike, rajistar kilas ta ishe ni. A aji na farko ƴan mata kusan daidai suke da maza. Kafin aji na shida sai ka ƙidaya su da yatsun hannu.

Masu cewa wannan zancen Sinigal ne, akwai amsa kusa da mu. Balaraba Ramat Yakubu, Bahausa ce ta Kano, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƴar shekara 13 ko kusa da haka, daga baya ta koma karatun manya. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin wata Rabi da mijinta ɗan kasuwa ya kore ta da ɗiyanta 9 saboda sabuwar mata, ta riƙe su da sayar da abinci. Ta kuma rubuta Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka hana karatu aka ba tsoho. Da Hausa ta rubuta, ba da harshen Nasara ba, kuma babu mota babu ofishin jakada a hannun Rabi, sai tukunya. Can ma an yi faɗa bisa irin waɗannan littattafai. A 2007 har an tara littattafan Hausa na soyayya an ƙona su a Kano gaban jama'a. Ba a daina rubutawa ba, ba a daina saye ba, sai dai a karanta a ɓoye. Ni dai na fi son abin da za a karanta a gidan Maigari da rana tsaka, tsofaffi na zaune suna gyara, da wanda yarinya za ta saurara ita kaɗai a waya cikin ɗaki.

Masu cewa karatun mata baƙon abu ne a addini kuma, malamai na nan, sun fi ni sani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, ya soki malaman zamaninsa cikin Nurul Albabi saboda suna karantar da almajirai suna barin matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis masu zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, su ne ake kira ƴan taru. Na san kakanninmu na Maraɗi da Tsibiri sun daɗe suna gwabzawa da Sakkwato, ba na manta wannan ba, amma ban taɓa jin sun yi faɗa da ita a kan wannan magana ba.

Ba na ce littafin Mariyama Ba ba shi da aibi ba. Matan da ke kan gaba a cikinsa masu takardar shaida ne, macen ƙauye in ta fito sai a matsayin ƴar aiki ko mai tsegumi, kuma akwai wuraren da na ga bai dace a karanta gaban yara ba, kamar zancen cikin da ɗiyar Ramatulai ta yi tana lakwal. Wannan ma dai iyaye mata sun ce gara a faɗe shi, don yadda uwar ta rungumi ɗiyarta maimakon ta kore ta ya sa su tunani. Amma a hana yara zama a wurin, na yarda.

Abin da nake roƙon kwamiti shi ne kar a fitar da littafin. A bar shi, a riƙa karanta shi ga manya kaɗai, kuma maza su daure su ji ƙarshensa kafin su yanke masa hukunci, tun da rabinsa kawai suka ji. Kuɗin da ya rage a asusu, a ba wani mai zuwa Kano ko Katsina ya sayo mana littattafan Hausa, har da biyun nan na Balaraba, don in huta da juyi, wasu kuma su iya karɓar karatun in ba ni nan. Liman da Alaramma su zaɓi nasu, na boko ko na ajami, a sa cikin akwati guda da sauran, daren Alhamis guda nasu, guda namu. Alaramma ya riga ya yarda mu daidaita lokaci, yaran da ke zuwa allo da asuba a sallame su da wuri don kar su makara, ni kuma in daina riƙe su bayan la'asar.

Ƴan mata da ke aji na shida bana, na rubuta sunayensu na ba Maigari da shugaban ƙungiya. Wasunsu iyayensu maza na bida. Ina roƙon duk wanda ya san ɗiyarsa na ciki, kafin ya karɓi goron kowa, ya aiko mani da saƙo ko ya sa wakilinsa ya zo mu zauna da Liman. In matsalar masauki ce a garin da kwalej take, ƙungiya na da mutane a can, a yi maganar a wannan taro tun kafin mu watse. Uban yaron nan kuma, ina jiransa gobe da safe a lakwal, ya zo ya ji ɗansa na karatu da kunnensa, sa'an nan ya yi abin da ya ga dama.

 Allah shi ba mu damina mai albarka, shi maido matafiyanmu lafiya.